Kula da Tsofaffi a Gida: Nawa Za a Tanada Kafin a Fara?

Akwai tambayar da take yawan zuwa mana a asibiti a 'yan shekarun nan. Ƙungiyoyin mata suna yin ta, matasan da suka gama makaranta ba su sami aiki ba suna yin ta, dattawan ikilisiya ma suna yin ta. Tambayar ita ce: idan muna so mu kafa aikin bin gida-gida muna kula da tsofaffi, iyalansu suna biyanmu, nawa za mu tanada?

Amsar a taƙaice ita ce, kuɗin farawa ba shi da yawa. Kuɗin da zai riƙe aikin wata bayan wata shi ne babba, kuma a nan ne masu niyya mai kyau suke faɗuwa. Idan shago ya rufe, mai shago ne ya yi asara. Idan aikin jinya ya tsaya, tsohuwar da ta saba ana zuwa ana juya ta, ana yi mata wanka, ita ce za a bari kwance. Saboda haka mu zauna mu yi lissafin tun kafin a ɗinka riga ko a rubuta allo.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

A da, gida cike yake da hannuwa. Idan tsoho ya kwanta, akwai 'ya'ya, akwai surukai, akwai jikoki. Yau ɗa yana Kwatano, wani yana Parakou, wani yana Legas ko Kano. Surukar da ta rage a gida tana da tallarta a kasuwar Malanville ko aikinta a fadamar shinkafa, ga yara ƙanana. Da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya a ƙarshen watan Yuli na 2023, gidaje da yawa da suke ci daga lodin manyan motoci da cinikin bakin iyaka sun ji a jikinsu. Wanda a da zai iya zama wurin mahaifiyarsa yini guda, yanzu dole ya fita nema.

Cututtukan ma sun sake. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar Benin a 2015 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin manya huɗu yana da hawan jini. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yakan kawo shanyewar ɓarin jiki, kuma wanda ɓarin jikinsa ya shanye yana iya yin shekaru yana bukatar a ɗaga shi, a ciyar da shi, a kai shi makewayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030, mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya wuce. Ƙidayar 2013 ta sami mutum sama da 168,000 a gundumar Malanville. Ku duba unguwarku kaɗai, ku ƙirga gidajen da akwai wanda ba ya iya tashi da kansa. Bukatar tana nan, babu shakka.

Yadda ake yi a ƙasashen waje

Wasu cikin masu tambayar sun ji labarin yadda ake wannan sana'a a Amurka da Turai, inda mutum yake hayar sunan babban kamfani ya buɗe reshe a garinsu. Ɗaya daga cikin sanannun kamfanonin shi ne Home Instead, wanda Paul Hogan da matarsa Lori suka kafa a 1994 a garin Omaha, bayan danginsu sun yi jinyar kakar mijin a gida. A manyan kamfanoni irin wannan, kuɗin hayar sunan kaɗai yakan kai dalar Amurka dubu 50, wato sama da sefa miliyan 25. Idan aka haɗa da ofis da albashin watannin farko, kuɗin yakan ninka. Bayan haka kuma, kowane wata mai reshen yana ba uwar kamfani kamar kashi 5 cikin 100 na duk abin da ya shigo.

Wannan tsari yana tafiya a can domin tsofaffi da yawa suna da fansho, ko ajiya, ko inshora, kuma ana biyan mai jinya awa-awa. Tsofaffinmu yawancinsu manoma ne, masunta, makiyaya da 'yan kasuwa, babu mai ba su fansho. A nan kuma suna ba ya sa a buɗe wa mutum ɗakin uwa. Sai an san gidan da ya fito, an san halinsa. Don haka idan wani ya zo muku, ko ya aiko saƙo ta waya, yana cewa ku biya kuɗi ya ba ku suna da riga da takardar shaida, ku riƙe kuɗinku har sai kun tambayi hukumar lafiya.

Amma akwai abubuwa huɗu da waɗannan kamfanoni suke yi waɗanda za mu iya ɗauka ba tare da biyan ko dala ba: suna horar da ma'aikaci kafin ya taɓa majiyyaci, suna bincika halinsa, suna rubuta abin da aka yi a kowace ziyara, kuma suna yin yarjejeniya a rubuce da iyali.

Kuɗin da ake kashewa sau ɗaya

Na farko, jakar aiki. Kowane ma'aikaci yana bukatar ma'aunin hawan jini, ma'aunin zafin jiki, tocila, almakashi, abin yanke farce, rigar aiki biyu, littafi da biro. Ma'aunin sukari yana da amfani, amma ku tambayi kuɗin 'yan tsinkayen gwajinsa kafin ku saya, domin su ne suke cin kuɗi, kuma na wani ba ya shiga na wani. Ku sa mutum biyu su zaga kantin magani mai lasisi su rubuto farashin kowane abu, kada ku yi lissafi da ka.

Na biyu, kayan aro. Ƙungiya tana iya mallakar keken guragu ɗaya ko biyu, sandunan dogarawa, fo na manya da ledar shimfiɗa, tana ba da aro daga gida zuwa gida. Kafinta na unguwa yana iya yanke tsakiyar kujera a sa bokiti a ƙasa, ta zama makewayin ɗaki. Yana iya kafa ƙarfe ko itacen riƙewa a bakin makewayi. Waɗannan ba su da tsada, kuma suna hana faɗuwa, wadda takan karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Na uku, abin hawa. A cikin gari keke ya isa. Idan za ku kai Guéné ko ƙauyukan bakin kogi, sai da babur, kuma shi ne zai fi kowane abu tsada a wannan jeri. Shawarata ita ce ku fara da unguwannin da ƙafa da keke suke kaiwa.

Na huɗu, horo. Wanda ya yi jinyar mahaifiyarsa ya san abubuwa da yawa, amma yana bukatar ya koyi ɗaga mutum ba tare da ya ji wa bayansa ciwo ba, da gane gyambon kwanciya tun bai fashe ba, da ciyar da wanda haɗiya take yi wa wuya. Ku nemi ma'aikacin jinya mai takarda ya koyar da ku, ku sa kuɗin abinci da na mota na kwanakin horon a cikin lissafi.

Na biyar, takardu. Ku je ofishin magajin gari, da ofishin kula da jin daɗin jama'a, da shugabannin yankin lafiya na Malanville da Karimama, ku faɗa musu abin da kuke shirin yi. Idan sana'a za ku kafa, rajistarta tana hannun hukumar APIEx, kuma ana iya yin ta ta intanet. Idan ƙungiya ce, ita ma tana da tata rajistar.

Kuɗin da yake dawowa kowane wata

Ga inda nauyin yake. Tun ranar 1 ga Janairu 2023, mafi ƙarancin albashi a Benin sefa 52,000 ne, wato jika 52. Wanda ya ɗauki ma'aikaci kuma dole ya yi masa rajista a asusun CNSS, inda kason mai ɗaukar aiki ya haura 16 cikin 100 na albashin. Ke nan ma'aikaci ɗaya zai ci muku jika 60 da ɗoriya a wata.

Ba za ku iya farawa da mutum ɗaya ba. Tsohuwa ba za ta yarda namiji ya yi mata wanka ba, tsoho ma ba zai so 'yar cikinsa ta tuɓe shi ba. Kuna bukatar mace da namiji, kuma a garinmu ya kamata a tsakaninsu su iya Dandanci ko Zabarmanci, da Hausa, da ɗan Fulatanci. Mutum biyu, jika 120 ke nan.

Yanzu mu ƙirga gidaje. Ziyara ta ƙwarai, da wanka da sauya shimfiɗa da ciyarwa da rubutu, tare da tafiya, tana cin kamar awa 2. Awa 8 a yini, gida 4 ke nan ga kowane ma'aikaci. Mutum biyu, gida 8, kwana 5 a mako. Sauran kwana biyun iyali su riƙe.

Akwai kuma abubuwan da suke ƙarewa: safar hannu, sabulu, ruwan Javel, auduga, bandeji, batir, man babur, gyara da kuɗin kiran waya. A matsayin misali kawai, a ce waɗannan sun ci jika 40. Ku sa naku farashin a wurin wannan. Jimla ta zama jika 160 a wata.

A raba jika 160 gida 8, kowane gida jika 20 a wata. Amma wanda ya san garinmu ya san ba kowa zai biya a kan lokaci ba. Idan gida biyu suka kasa, sauran shidan za su ɗauki kusan jika 27 kowanne. Gida nawa ne a unguwarku zai iya wannan, bayan kuɗin magani da abinci?

Akwai hanya ta biyu, wadda ita ce na fi ba da shawara. Ma'aikaci ya riƙa zuwa sau biyu a mako, ya yi aikin tare da mutanen gida yana koya musu, ya auna hawan jini, ya duba fata, ya ƙirga ƙwayoyin magani. Da haka mutum ɗaya zai riƙe gida 10, mutum biyu gida 20, kuma kason kowane gida ya sauko zuwa jika 8. Jinyar ta zauna a hannun iyali, inda tsohon ya fi son ta, ƙungiya kuma ta zama ido da malami. Wanda ba shi da kowa, ko wanda jikinsa ya yi tsanani, shi ne za a ware wa zuwan kullum.

Ko wace hanya kuka bi, kada ku fara sai kuna da kuɗin wata uku a ajiye. A misalinmu, jika 480. Ku tuna da watan Agusta da Satumba, lokacin da ruwa yake cika, hanyoyin bakin kogi suke yankewa, hatsi ya ƙare a rumbu, kuɗi ya yi wuya a hannun kowa. A lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro yake ƙaruwa, aikin ya fi yawa.

Wa zai biya?

Na farko su ne 'ya'yan da suke nesa. Da yawansu suna aiko da kuɗi ta waya, amma sai ciwo ya tashi. Ku yi magana da su kai tsaye, a tsayar da abin da kowa zai riƙa aikowa a farkon wata, kuma ku riƙa ba su labarin jikin mahaifinsu kowane mako. Wanda yake jin labari ba ya mance biya.

Na biyu, asusun jama'a. Ikilisiya, masallaci, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoman shinkafa suna iya ɗaukar nauyin gida ɗaya ko biyu na marasa galihu. Matan da suke adashi suna iya ware ɗan wani abu a kowane zubi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a rubuta sunan gidan da aka ɗauka da adadin kuɗin, kada a bar shi a kan "Allah zai kawo".

Na uku, ku tambaya a ofishin jin daɗin jama'a ko tsohon yana cikin shirin ARCH, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi da gwamnati ta fara gwadawa a 2019. Katin yana rage nauyi a asibiti. Albashin mai zuwa gida kuwa yana wuyan iyali da ƙungiya.

Wata ƙungiya za ta ce, mu aikin sa kai za mu yi, ba ma bukatar albashi. Madalla da wannan zuciya. Ziyarar gaisuwa, ɗebo ruwa, share ɗaki da zama a yi hira, duk masu sa kai suna iya riƙe su shekara da shekaru. Amma wanke kashi da fitsari kowace safiya aiki ne mai nauyi, kuma matar da take yin sa ta bar tallarta ne ta zo. Idan ba a biya ta ba, ranar da ɗanta ya rasa kuɗin makaranta za ta daina zuwa, kuma babu mai ganin laifinta.

Inda aikinku ya tsaya

Mai kula da tsoho a gida yana wanka, yana ciyarwa, yana juyawa, yana motsa gaɓoɓi, yana tuna wa majiyyaci maganin da likita ya rubuta, yana aunawa yana rubutawa. Ba ya yin allura, ba ya sa ƙarin ruwa, ba ya sa robar fitsari, ba ya rubuta magani, ba ya sayar da shi. Waɗannan aikin ma'aikacin lafiya ne mai izinin Ma'aikatar Lafiya. A 2018 gwamnatin Benin ta rufe wuraren jinya masu yawa da suke aiki ba da izini ba, kuma tun 2017 take yaƙi da sayar da magani a kasuwa. Iyali za su roƙe ku, su ce ai allura ɗaya ce. Ku ce a'a. Allura ɗaya tana iya kashe mutum, ta rufe ƙungiya, ta kai ku gaban alƙali.

Ku san kuma alamun da ba a jira da su: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe, numfashi ya yi wuya, ciwon ƙirji, ruɗewa farat ɗaya, zazzaɓi mai zafi, ko faɗuwar da mutum ya kasa taka ƙafa bayanta. A nan sai asibiti nan take. Tun ranar farko ku tsayar da mai mota ko mai babur mai ƙafa uku da za a kira da dare, da wanda zai biya shi.

Me iyali suke saya da kuɗinsu?

Wani zai ce, jika 8 don a zo a duba tsohuwa kawai? Bari mu ɗauki gyambon kwanciya. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, nauyin jikinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin. Yakan fara a ƙashin ɗuwawu, da ƙugu, da diddige, da kafaɗa. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Wurin yakan yi duhu, ko ya yi zafi, ko tauri. Idan aka gane shi a nan, maganinsa juyawa duk bayan awa 2, da tsabtace fata a busar da ita, da sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri, da abinci mai gina jiki kamar wake, kifi, ƙwai da nono. Idan ya fashe ya yi rami, sai wankin ciwo na watanni, da kuɗin mota, da kwana a asibiti, wani lokaci kuma ƙwayar cuta ta shiga jini a rasa mutum. A asibiti mun sha karɓar tsofaffin da ba ciwon da ya kwantar da su ne ya kawo su ba, gyambon ne.

Haka maganin hawan jini. Mutane da yawa suna daina sha da zarar sun ji sauƙi. Mai zuwa sau biyu a mako zai ga awo ya koma 140 bisa 90 ko ya wuce, ya ƙirga ƙwayoyin ya gane ba a sha ba, ya tuna wa mai girki ta rage gishiri da dunƙulen miya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, zai tabbatar tsoho yana shan ruwa, domin tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar yara. Zai koya wa jika ta zaunar da kakarta sosai kafin ta ba ta kunu, kada ya sarƙe ta ya bi ta huhu.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da kuɗi, wato mutunci. Ma'aikacin ƙwarai yana sallama, yana sakin labule, yana faɗin abin da zai yi kafin ya yi: "Inna, sannu da jiki. Zan ɗan juya ku ɓangaren dama, ku riƙe kafaɗata." Ba ya fitar da sirrin ɗaki zuwa bakin rijiya. Ba ya taɓa kuɗin tsoho, ba ya karɓar kyautar fili ko dabba. Wanda kuka ga yana tsawa ko yana gaggawa, ko ɗan wane ne, wannan aiki ba nasa ba ne.

Kafin ku fara

Ku zauna ku amsa waɗannan a rubuce. Gida nawa ne suka yarda za su biya, kuma nawa? Wane ne zai horar da ma'aikata, wane ma'aikacin jinya ne zai riƙa duba littafinsu kowane wata? Su wa za su riƙe kuɗi? Ya kamata su zama mutum biyu, kuma ba cikin masu karɓar albashi ba. Idan ma'aikaciya ta haihu ko ta yi ciwo, wa zai maye gurbinta? Kuɗin wata uku yana hannu? Hukuma ta san da ku?

Idan amsa ɗaya ta gagara, ku dakata, ku fara da abin da kuke iyawa: ziyarar gaisuwa, aron keke da fo, da koya wa iyalai juya majiyyaci. Gida biyar da aka riƙe shekara guda sun fi gida talatin da aka saki bayan wata biyu. Idan kun gama lissafinku, ku kawo takardar asibiti mu duba ta tare, mu kuma tsayar da ranar da za a koya wa mutanenku ɗagawa, juyawa da ciyarwa.